Miyar Tsirkiya a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin Ilu mai shayi a bakin tashar Gaya sai wani ya matso, "Audu, wai da gaske burodinsu ya kai tsawon sanda?" Kafin in haɗiye wani ya jefo tasa, "Wai me ya sa jitarka take warin daddawa?" Na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin, har labari ya isa Toranke wurin kawunnaina cewa yunwa ta sa na dafa jitata na cinye. Shi ya sa na zauna in rubuta shi tun daga tushe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, bes nake kaɗawa a wata ƙungiyar kiɗan zamani a Sabon Garin Kano. Bes jita ce, sai dai doguwa ce, tsirkiyarta huɗu masu kauri, muryarta kuma can ƙasa take. Ba ta rera waƙa, ba ta kwarkwasa. Aikinta ta riƙe gindin kiɗa, sauran kaya su yi ta rawar kai a samanta. Idan babu lantarki kuwa bebiya ce, ko wanda ke kusa da kai ba zai ji ta ba.

Na same ta ne wurin wani mutumin Gana da zai koma gida, na ba shi kekena ya ba ni ita. Biyu ya ajiye mini in zaɓa. Ɗaya ja ce mai sheƙi, wadda ko makaho ya shafa zai so ta, ɗayar kuma baƙa, duk ta sha ƙwarzane. Na ɗaga kowacce na kanne ido ɗaya na bi wuyanta da kallo yadda ake duba sandar kiwo. Wuyan jar ya ɗan karkace, na baƙar sambal. Na ɗauki mummunar. Ya haɗa mini da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai kwalabe a ciki, wadda sai ta yi ɗumi take magana, da sifika babba tsirara ba akwati. Sannan ya ja ni gefe ya ba ni sirrin sana'a. Ya ce tsirkiyar bes ba a samunta a Kano sai an yi saƙo Ikko, don haka in riƙe waɗannan huɗun da kyau. Idan gumi da datti suka dushe musu murya, in kwance su in tafasa a tukunya, za su dawo garau. "Amma ruwa zalla," in ji shi da gurguwar Hausarsa. "Man girki kaɗan ya taɓa, ya mutu."

Akwatin sifikar kuwa a nan Gaya aka yi shi. Sule kafinta, wanda bai taɓa yin abin da ya wuce ƙofa da benci ba, shi ya haɗa shi da katako mai kauri, muka cusa audugar Innata a ciki don kada ya riƙa kwaroroto. Ranar da aka gama mahaifina Baffa ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Madalla, aikin ya yi kyau. Ranar da kiɗan ya ƙi, sai mu zuba gero." Bai faɗa da faɗa ba. Gonarmu ta Kademi tana nan, kuma ya sha gaya mini garmata ba a ba kowa ba.

To ga inda matsalar take. Shugaban ƙungiyarmu, Oga Tanko, tsohon mai busa ƙaho ne a badujalar soja, kuma bai taɓa yarda da bes ba. Da aka gayyace mu bikin ɗan wani Alhaji a Damagaram, sai ya kira ni gefe ya ce, "Audu, ba ƙinka nake ba. Amma akwatin nan naka wurin mutum biyu yake ci a mota, kuma tun da ka zo ban ga wanda ya juyo ya kalle ka ba. Ba a jin ka. Wannan tafiyar ita ce gwajinka. In muka dawo ban ga amfaninka ba, gangar Garba ta ishe mu."

Na ce, "To, Oga." Amma na san in ya sallame ni, sai gona. Ba noman nake tsoro ba, a cikinsa na tashi. Abin da nake hangowa shi ne ranar da zan sauka a tashar Gaya da akwati a ka, ku kuma kuna zaune a bencin Ilu kuna kallo.

Mun tashi daga Kano da sassafe a wata a-kori-kura ta haya. Oga yana gaba kusa da direba, mu muna baya da kaya. Amfilifaya na naɗe ta a zanen Innata na rungume a cinya kamar jaririya, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji kwalaben a cikin zuciyata. Garba mai ganga, Babarbaren Gafasa, abokin wasana tun muna yara, ya ɗare kan akwatina ya miƙe ƙafa.

"Sauka mini daga kan kaya, kai Babarbare."

"Ai yau ne na ga amfaninsa, Bafulatani. Bari in gaya wa Oga an samu."

Haka muka yi ta yi har Daura, inda muka tsaya muka sha fura. Su suka sha dai, ni kurɓa biyu na yi na ajiye ludayi, don maganar Oga ta hana ni sakewa.

A Kwangwalam 'yan kwastan ɗinmu ba su wahalar da mu ba, sun dai sa Oga ya busa musu taken soja suka ɗaga mana sanda. Na tsallake ne masu zafi. Can duwan suke ce musu. Wani dogo mai gajeren wando da hula kamar gwangwanin madara ya nuna akwatina ya ce a buɗe. Na ce ba a buɗe shi, sifika ce. Ya ce shi ya sha ganin sifikar da ta haifi turamen atamfa. Dole na nemo sukuddireba na kwance bayan. Ya zura hannu ya dinga zaro audugar Innata yana zubarwa a ƙasa, yana lalube, bai sami ko ƙyalle ba. Da haushi ya kama shi sai ya koma kan jitar. Ya ja babbar tsirkiya da yatsa, ya kara kunne, ya sake ja. Sannan ya juya wurin Oga cikin tausayi ya ce, "Wanga goge naku ai ya mutu. Don me kuke wahalar ɗauko shi?"

Oga ya juyo inda nake. Kallona kawai ya yi, ni kuwa na durƙusa ina tsince auduga daga cikin rairayi.

Daga nan sai batun hannu. Mu har yanzu a hagu muke tuƙi, ana ta cewa gwamnati za ta sauya ba ta sauya ba, su kuwa a dama. Direbanmu ya sani sarai, amma hannunsa bai sani ba. Kafin mu kai Matamaye ya koma gefensa na gado, sai ga wata ƙatuwar mota ta taso mana gaba da gaba tana ihu. Ya fizge sitiyari, muka faɗa cikin wata gonar wake. Garba ya wuntsilo daga kan akwati ya faɗa cikin gangunansa, ni kuwa ban saki amfilifaya ba, da goshina na tare ƙarfen mota. Ƙulun yana nan, wanda yake so ya zo ya taɓa.

Damagaram gari ne mai duwatsu da mutunci. Hausarsu tamu ce, sai dai sun barbaɗa mata Faransanci yadda mu muka barbaɗa wa tamu Turanci, kuma kowa yana ganin na ɗan'uwansa ne abin dariya. Suna jin mu Kanawa ne wasa ya tashi, har mai sayar da goro sai da ya tambaye mu ko mun zo biyan tsohon bashin yaƙi ne. Burodin da kuke tambaya gaskiya ne. Dogo ne, bayansa tauri, a hammata ake ɗauko shi ba ko takarda, kuma in ka gutsura da gaggawa sai dasashinka ya yi jini. Shayinsu kuwa ba irin na Ilu ba ne mai cika kofi. Ɗan mitsitsin finjali ne, ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka sha na farko ka tashi ka yi rashin ladabi, sai ka jira na biyu da na uku. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Da rana ta take, kanti da ofis kowa ya ja ƙofa ya tafi ya kwanta. Na ce wa Garba in Bakano ya ga wannan sai ya yi kuka, a rufe ciniki rana tsaka ba mutuwa aka yi ba.

An sauke mu a zauren gidan Alhaji, uban ango. Abinci kam ba a magana: tuwon gero, shinkafa da miya, kilishi mai laushi wanda ban taɓa cin irinsa ba. Sauran suka yi ta narka. Ni in na kai loma biyu sai in tuna da tashar Gaya, in janye hannu. A ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida kuwa akwai wata tsohuwa da take wuni a kan tabarma, duk kwanon da ya shiga ko ya fita sai ta ɗaga shi ta ji nauyinsa. Ita ce Iya Falmata, mahaifiyar Alhaji. Kunnenta ya daɗe da mutuwa, idonta ma saura kaɗan, amma bakinta lafiya lau. Garba, da yake ya sami 'yar'uwarsa Babarbariya, ya ja ni gabanta ya yi mata nuni da hannu, ya kwatanta ƙahon saniya a kansa. Ta shafa fuskata, ta kama hancina ta ja.

"Bafulatani ne!" ta faɗa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Shi ya sa kwano yake dawowa da nauyi. Ku kunya za ta kashe ku wata rana."

Ranar biki da hantsi na fito da kaya in gwada. Nan na tarar da abu biyu. Filogina mai ƙafa uku ne, soket ɗinsu kuwa 'yan ramuka biyu ne zagayayyu. Tsirkiyoyin kuma da na ja su na ji sun dushe, gumin hanya ya cinye su. Na ce yau ai ranar tafasawa ce, yau nake so su yi ƙara har Oga ya juyo. Na kwance su huɗun na naɗe, na aiki Garba ya aro mini tukunya daga cikin gida, na haɗa duwatsu uku a wani lungu bayan zaure inda ba mai gani, na ɗora ruwa zalla. Ban gaya wa kowa a gidan ba, don ina jin nauyin a ga baƙo yana hura wuta a gidan mutane. Na ce kafin ta tafaso mu leƙa kasuwa mu sayo filogi mu dawo.

Mun isa kantin mai kayan lantarki daidai yana ja ƙofa. Na roƙe shi da Hausa, Garba ya roƙe shi da Barbarci, ya ce barci ba ya jira. Muka zaga ko za mu sami wani, duk a rufe. Daga ƙarshe muka sayi ashana muka juyo, da niyyar mu tura wayar tsirara cikin soket mu tokare da tsinke, yadda muke yi in an matsu.

Tun daga bakin layi na jiyo ƙamshi. Na ce wa Garba matan gidan nan sun iya miya. Muna shan kwanar lungu sai na tsaya cak. Iya Falmata ce zaune a gaban tukunyata, ta ƙara itace, muciya a hannu, tana juyawa. Ruwan da na bari fari tas ya koma ja, mai yana yawo a samansa.

Ta ɗago ta gane ni da tsayi. "Zo nan, kai Bafulatani! Ashe abin naka har ya kai haka? A gidan ɗana, ranar bikin jikana, baƙo ya ɓuya a lungu yana dafa wa kansa abinci? So kake a yi da mu a Kano?" Ta ɗago babbar tsirkiyata da muciya, tana ɗigar man gyaɗa. "Kuma dubi abin da kake dafawa, ba gishiri ba albasa. Wannan agarar ta wace tsohuwar saniya ce? Kanwa na sa mata har sau biyu, ta ƙi laushi. Na dai sa maka daddawa da barkono, ko romon ka sha."

Garba ya zube ƙasa yana birgima, har da buga ƙafa. Ni kuwa wallahi hawaye ne suka cika mini ido, ba na barkono ba. Na buɗe baki in yi bayani, to wa zan yi wa? Ba ta ji. Ko da tana ji ma, da wane baki zan gaya wa tsohuwar da ta taso da sandarta, ta laluba har lungu don kada baƙonta ya kwana da yunwa, cewa ta kashe mini sana'a? Ta zuba romo a kwano, ta karyo burodi ta miƙo mini, ta tsare ni da idon da ya rage mata. Na zauna na shanye tas. Kuma in faɗi gaskiya ya yi daɗi, in ban da ɗan ɗanɗanon ƙarfe. Rabona da cika ciki tun Kano.

Da ta tafi na tsamo tsirkiyoyin. Na wanke da sabulu, na dirje da toka, na shanya a rana. A banza. Mai ya riga ya shige can cikin naɗin ƙarfen. Na ɗaura su, na tokare waya da ashana, na jira kwalabe suka yi ɗumi, na ja. Maimakon dogon amon nan mai kaɗawa da na saba, sai na ji dum, gajere, ya tsaya. Oga yana tsaye a kaina, Garba ya riga ya fesa masa labari. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Da can ma ba a jin ka, balle yanzu. Ka dai tsaya a baya ka cika wuri. In mun koma sai ka nemi motar Gaya."

Bayan la'asar aka taru a filin ƙofar gida. A Kano kan tebur nake ɗora akwatina, wai don sauti ya kai kunnen mutane. A nan duk wani tebur da benci an kwashe wa manyan baƙi, dole na girke shi a ƙasa, a kusurwar da bangon zaure ya haɗu da katanga. Muna shirin farawa sai ga Iya Falmata ta dogaro sandarta tana neman wurin zama. Ta laluba, ta ji katako mai faɗi, ta hau ta zauna daram a kan akwatina. Wa ya isa ya tashe ta? Na ce a raina shi ke nan, kowa ya samo masa amfani ban da ni.

Oga ya ɗaga ƙaho muka shiga. Tun da na san babu sauran zaƙi a tsirkiyar, sai na rufe makunnin siririyar murya a jikin amfilifaya gaba ɗaya, na buɗe na babbar murya. Guje-gujen yatsun da nake yi don a lura da ni ma na bari, don ba sa fita. Na zuba wa ƙafar Garba ido, duk inda ya taka babbar ganga nan nake sauke tawa. Dum. Dum-dum. Ƙasa da bangon nan biyu suka karɓa suka ninka, har na riƙa jin ta a tafin ƙafata.

Muna tsakiyar waƙa ta biyu na ga Iya ta ajiye sanda. Ta shimfiɗa tafin hannunta a jikin akwatin ta yi tsit. Can sai kafaɗarta ta motsa, daidai kan bugu, ba kuskure. Sai ƙafa. Sai ta sauko a hankali, hannu ɗaya yana dafe da katakon, ta gyara ɗaurin zane, ta soma taka rawa irin tasu ta Barebari, a natse, tana jan gefen mayafi. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Matan gidan suka ɓarko, fili ya rikice, har mutumin da ya ƙi buɗe mana kanti na hango yana juyi. Alhaji ya miƙe tsaye daga kujerarsa, babban mutum da rawani, yana share ido da hannun riga. Daga baya ya gaya mana rabon uwarsa da rawa tun kafin a haifi angon.

Da muka tsaya shan iska, muryarta ta tsaga filin. "Wane ne mai gangar nan?"

Oga ya gyara tsayuwa ya matso da ƙahonsa yana murmushi. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai tun ɗazu ina ganin kumatunka suna kumbura suna sacewa, ban san me kake yi ba." Ta daki akwatina da tafin hannu. "Wannan nake nufi. Shekara da shekaru duniya shiru take a wurina. Yau na ji kiɗa a ƙashin bayana, na ji shi a nan." Ta dafe ƙirji.

Garba ya kamo hannuna ya kai mata. Ta shafa fuskata, ta kama hancin ta gane shi.

"Au, Bafulatanina ne? To ka ga amfanin cin abinci!"

Aka kwashe da dariya, ni ma ina yi. Tun da na fara kaɗa bes nake neman wanda zai ji ni, ban taɓa zaton a inda zan same shi ke nan ba.

Washegari da muka zo loda kaya, Garba ya ɗaga ƙafa zai hau kan akwati kamar yadda ya saba. Oga ya daka masa tsawa, "Sauka! Kayan aiki ne wannan ko kujerar ubanka?" Ya cire bargonsa ya lulluɓe shi, ya ɗaure da hannunsa. Maganar motar Gaya ba ta sake fitowa daga bakinsa ba. A iyaka ma da dogon nan mai gajeren wando ya nufo mu, Oga ne ya tare shi da kansa. Da na zo gida Baffa ya tambaye ni ko a kawo geron, na ce ya nemi buhu.

Tsirkiyoyin suna nan a jikin jitar, ban ƙara tafasa su ba, akwati kuma bai sake hawa tebur ba. Amma warin da kuke ji ba nasu ba ne, nasu ya daɗe da fita. Muna shirin tashi daga ƙofar gidan Alhaji, mota har ta kama, Iya Falmata ta dogaro ta miƙo mini wani ƙulli a tsumma. Ba wanda ya gaya mata abin da ta dafa, Alhaji ya hana, ni ma ban so a gaya mata ba. Na kwance na ga daddawa ce da ɗan gutsuren kanwa. Ta riƙe hannuna da nata biyu ta ce, "In za ka sake dafa agarar nan, ka jiƙa ta tun dare. Kuma ka daina ɓuya, ɗan nan, in kana jin yunwa ka faɗa."

Ƙullin yana cikin jakar jitar, kusa da wuyanta, kuma ba zan cire shi ba. Wanda warin ya dama ya matsa can ƙarshen benci.